Takalmin da Ya Rage a Hannun Ɗanƙarami

A unguwarmu ta Birni, da 'yan unguwannin da ke manne da ita, in gardamar siyasa ta yi zafi har hujja ta ƙare wa mutum, akwai abin da yake jefa wa abokin gardamarsa: "Kai dai ɗan takalma ne." Wato ba ka da katin jam'iyya, ba a ganinka a mitin, in an tambaye ka sai ka ce babu ruwanka, amma zuciyarka tana wurinsu, kai ne mai rufa musu asiri. A da, 'yan kwaminis ake nufi da "su" ɗin. Yanzu kowa ma ya samu. Na ji ɗan gwamnati ya faɗa wa ɗan adawa, ɗan adawa ya mayar masa tun shayin farko bai huce ba. Ka tsayar da ɗayansu ka ce wane takalma, na wa, sai ya saki baki yana kallonka. To ni na sani. Mutumin da aka ƙera zagin a kansa wan mahaifiyata ne, Kawu Ɗanƙarami baduku, Allah ya jiƙansa. Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana riƙe da takalmin wani bawan Allah, yana neman wanda zai miƙa wa kafin ya mutu. Masu zagi da sunansa kuwa ko sannu ba su taɓa yi masa ba.

A Dakusa aka haife shi, gidan manoman gero da gyaɗa. Jikinsa bai yi girman da za a dogara da shi a gona ba, shi ya sa aka kawo shi Damagaram koyon dukanci. Da hannunsa ya faɗa, sai ya samu gurbi a gefen zauren Mala Umar, wani Babarbare mai fataucin kanwa. Nan ya shimfiɗa buzunsa, ya ajiye basilla da zare da guntayen ƙirgi, mutane suna kawo masa takalman da suka tsinke. Bai fi shekara ashirin ba a lokacin.

Zamanin giwa da raƙumi ke nan. Jam'iyyar giwa ke da mulki, ta raƙumi, wato Sawaba, an haramta ta. Rediyo kullum yana cewa 'yan Sawaba 'yan kwaminis ne, ba su yarda da Allah ba, in suka samu dama gonarka ma ba taka ba ce. Kawu ya ce shi dai waɗanda ya ga suna shiga zauren Mala Umar bayan azahar, da butarsa suke alwala. Akwai telan unguwa, akwai direba, akwai wani magatakardan awon gyaɗa, akwai malamin allo. Abin da ake faɗa a ciki bai taɓa shiga ya ji ba. Amma kar in yi masa ƙarya in ce zuciyarsa a tsakiya take. Yana ƙarami ya ga gardi, ɗan sandan Turawan mulki, ya ɗaure ubansa a rana saboda haraji, kuma ya ji an ce mutanen zauren nan irin wannan ne suke ƙi. Iyakar siyasarsa ke nan, ba ta ƙaru ba har ya koma ga Allah.

Matsalar masu taron ɗaya ce. Ba a shiga zauren dattijo da takalmi, ko da duniya za ta tashi. To tarin takalma a ƙofa kuwa shela ce. 'Yan milis ɗin jam'iyyar giwa, wato 'yan bangarta, ba sa bukatar leƙawa, daga kan hanya za su san an taru, har su gane na wane da na wane. Wata rana Mala Umar ya tsaya a kan Kawu ya ce, "Ɗanƙarami, in baƙina sun zo, ka riƙa jawo takalmansu cikin naka."

"Gyara za a yi musu, Mala?"

"Gyaran ke nan."

Wa zai yi mamakin tulin takalma a gaban baduku? Haka aka yi ta yi. Mutum ya tuɓe, Kawu ya miƙa hannu ya jawo, ya cakuɗa su da tsinkakku da marasa wari, ya ci gaba da ɗinkinsa kansa a sunkuye. 'Yan milis su wuce su ga ƙofa wayam.

Sai kakar 1964, lokacin da gari ya ɗaure, ana ta kame. Ranar da abin ya faru, da rana tsaka, ana cikin taro, wani baƙauye ya iso yana jan ƙafar hagu. Ya yi sallama ya ce an ce masa tela yana nan. Kawu ya ce yana ciki, ya ɗan jira. Mutumin ya ce ba zai iya jira ba, kamyon da zai mayar da shi gida ya kusa tashi, rigarsa kawai zai karɓa. Ya tuɓe takalmi ya shiga. Kawu bai tambayi sunansa ba, bai tambayi garinsu ba. Wa ke tambayar mai neman tela garinsu?

Jim kaɗan ya ji an shafa fatiha a ciki. To mu a gidanmu, tun kana rarrafe ake koya maka cewa in babba zai fita, ka haɗa masa takalmansa, ka juya su su fuskanci hanya, ya zura ƙafa kawai ya tafi. Kawu ya ga gari ba lafiya, ya so mutanen su fita su watse da sauri, kar su tsaya tonon tuli. Sai ya ware su, ya haɗa kowane da warinsa, ya jera su reras, kowane yana kallon hanya. Ladabi ne ya yi. Wani ɗan milis da ke wucewa ya ci burki, ya dubi jerin, ya ce, "Baduku, tun yaushe takalmin gyara yake kallon hanya?"

Nan da nan aka kewaye zauren, aka fito da su babu takalmi, a kan duwatsun Birni da rana ta gasa, aka loda su a mota. Kawu ma aka haɗa da shi, aka yi masa dukan da ya bar shi da kurmancin kunne ɗaya. Bayan 'yan kwanaki a jandarmeri, wani babba ya dube shi a tsugune ya ce, "Wannan ba ɗan jam'iyya ba ne, ɗan takalmansu ne kawai. Ku kore shi." Da wannan sunan ya fito. 'Yan milis suka riƙa kiransa da shi a kan hanya, yara suka ɗauka, kafin damina duk wanda aka ga yana gaida matar ɗaurarre, ko ya sayi kaya a rumfar wanda ake zargi, ya zama ɗan takalma. Asalin maganar ke nan. Babu wani littafi, babu wani mai ilimi da ya ƙirƙiro ta. Daga bakin mai dukan mutane ta fito.

Mahaifiyata Tani, lokacin tana budurwa, ita ta tsince takalman da aka watsar ta zuba a buhu. Da Kawu ya iya miƙewa sai ya fara bi gida gida yana mayarwa. Wasu matan suka karɓa suna kuka. Wasu suka rufe masa ƙofa don tsoro, ya koma da su ya adana. Shekaru suka tafi, aka fara sako mutane, wasu sun makance, wasu haƙora sun zube, kowa ya zo ya zura ƙafarsa. Waɗanda suka mutu a can, har da telan, magada suka karɓa. Buhu ya yi ta raguwa har ya rage na mutum ɗaya.

Takalmin fata ne irin ɗinkin ƙauye, babba, ƙasansa ƙirgi mai kauri. Warin dama lafiyarsa lau. Warin hagu an ƙara masa maɗauri a dunduniya, gefensa na waje ya cinye, irin na wanda ba ya taka ƙafar sosai.

Kawu ya bi waɗanda suka dawo ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Direban ya ce shi bai ga wani baƙo ba. Magatakardan ya ce ai wannan shi ne ɗan leƙen asirin da aka turo, ya sulale ta baya. Mala Umar, da ya dawo ba ido, ya ce fuska dai bai riƙe ba, amma yana tuna wata murya a cikin motar tana ta cewa, "Ni fa riga na zo karɓa." Ya ce a zangon farko aka raba su, bai sake jin muryar ba. A wurin hukuma kuwa, aka ce ba a taɓa kama mai irin wannan kama ba.

Nan fa kowane ɓangare ya samu abin taunawa. Tsofaffin 'yan raƙumi suka ce Ɗanƙarami yana ajiye da takalmin maci amanarsu, ya san shi yake ɓoyewa. 'Yan giwa suka ce na wani kwamandan 'yan raƙumi ne da ya tsere China, yake jiran ya dawo. Kun ji fa. Mutanen da ba su taɓa yarda da juna a kan ko ganin wata ba, sai ga shi sun haɗu a kan baduku. Da ƙyar ya samu aure, don ba mai son surukin da ake nunawa da baki. Kaltuma ce ta yarda da shi, bazawara mai sayar da ƙosai, suka zauna har ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Sojoji suka karɓi mulki, giwa ta faɗi, raƙumi ya tsufa, zagin bai mutu ba. Muna kwalej lokacin da ɗalibai da 'yan sandika, wato ƙungiyoyin ma'aikata, suka cika tituna, na ji da kunnena ana kiran wata tsohuwa 'yar takalma don ta ajiye musu randar ruwa a ƙofar gidanta.

Shi kuwa Kawu, ranar kasuwa ba ta wuce shi. Mirriya, Tirmini, Takeita, Matamai, duk inda mota ke zuwa. Ya shimfiɗa buzu, ya ajiye takalmin a gabansa daban da na sayarwa. In an taya ya ce ba na sayarwa ba ne, na wani ne, ko ka san shi? Mutane su duba su kau da kai.

Bayan rasuwar Kaltuma ni nake kai masa abincin rana. A nan na ga abin da har yau ban san inda zan ajiye shi ba. Na shiga ɗakinsa wata rana, garin ya yi tsit irin na tsakar rana, ko kaza ba ta motsi, na tarar yana yi wa takalmin sabon ƙasa. Tsohon da ya cire yana gefe, ya siɗe har ana ganin haske ta dunduniyarsa.

Na ce, "Kawu, wa ke sa shi?"

Ya ce, "Da na sani ai da na huta, 'yar nan."

"To me ya cinye shi?"

"Tafiya."

Ya ce wannan ba shi ne na farko ba. In ya yi sabo, bayan 'yan shekaru sai ya tarar ya cinye, kullum ta wuri ɗaya, gefen hagu na waje. Na ce masa kai ne kake sawa ka manta, tsufa ne. Ya miƙo mini ƙafarsa. Ƙafar Kawu kamar ta yarinya take, biyu za su shiga wari ɗaya. Na ce to ɓera ne, ko gara. Ya ɗaga maɗaurin ya nuna mini ƙarangiya maƙale a jiki, ɗanya shar, a watan da ko tsinken ciyawa babu a Damagaram.

Ni ba na cikin matan da ke ganin aljani a kowace tsamiya. Na ce ya ba ni shi. Na naɗe a tsumma na sa a ƙasan akwatin ƙarfena, na kulle, makullin a wuyana. Da rani ne, ana ta wahalar ruwa, 'yan ga-ruwa ma sai ka roƙe su. Bayan wata biyu ko uku na buɗe. Tsumman yana nan yadda na naɗe shi. Amma a cikin ɗinkin ƙasan akwai laka, na sa farce na kankaro, da sanyinta. Ban ce komai ba, ban ce aljanu ne ba. Abin da na taɓa da hannuna na faɗa. A ranar na mayar masa da kayansa, bai tambaye ni dalili ba.

Da ya haura saba'in ƙafafunsa suka fara kumburi, zuwa kasuwanni ya gagara. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya ce mini, "In na mutu da shi a hannuna, me zan ce? Amana ce aka tuɓe a gabana." Na ce ba kai ka kama shi ba. Ya ce, "Ni na ce masa telan yana ciki."

Ana haka kamfen ɗin zaɓen 2020 ya zo. A ƙarƙashin dogon yaron da Kawu ke zama yanzu akwai fada, inda magidanta marasa abin yi ke dafa shayi suna raba mulkin ƙasa. Manyan masu bakin su biyu ne, Rashid mai kabu-kabu da Suma'ila malamin lakwal, wato makarantar boko, na kwantiragi, irin waɗanda ake ce wa mushe, kowa da jam'iyyarsa. Ran nan na kawo tuwo na tarar sun kaure.

Rashid yana cewa, "Ku yi mana bayanin famfo tukuna. Iska yake fitarwa, ko ita ce alkawarin?"

Suma'ila ya ce, "Naku da suka hau, nono ya zubo ta ciki? Kai da hular da aka ba ka kyauta ma ta fi kanka girma."

"Ni dai an san inda nake. Kai fa, mushe? Da hantsi kana nan kana zaginsu, da la'asar kana biro ɗinsu, ofishin jam'iyya, kana shan lemo. Ɗan takalma kawai."

"Ni ne ɗan takalma? Ga uban 'yan takalma nan a bayanka, kakata ta ce daga kansa aka fara. Tambaye shi ko ya taɓa ganina a layinsu."

Aka fashe da dariya. Rashid ya zaro salula ya nufi Kawu da ita. "Baba tsoho, ashe kai ne shugabansu? Nuna mana takalmin kwaminis mu gani mana."

Na ajiye kwano zan wanke shi tas, Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya dubi salular ya ce, "Ɗana, wannan abin naka yana zuwa ƙauye?"

"Har Makka yake zuwa, Baba."

"To riƙe da kyau, kar hannunka ya yi rawa."

Ya ɗauko takalmin, ya juya shi gaba da baya a hankali, ya nuna maɗaurin dunduniya, ya nuna inda ya cinye. Ya faɗi shekarar, ya faɗi zauren, ya ce mai shi dogo ne, yana jan ƙafar hagu, riga ya zo karɓa wurin tela. Ya ce duk wanda ya san shi, don Allah ya zo Birni ya tambayi Ɗanƙarami baduku. Suna ta ƙyaƙyatawa a bayansa. Da yamma hoton ya zagaye gari, an ɗora masa kiɗa da fuskokin dariya, 'yan wannan jam'iyya suna tura wa 'yan waccan suna cewa ga kakanku. Har gida na bi uwar Rashid na gaya mata irin tarbiyyar da ta yi. Kawu kuwa kullum sai ya tambaye ni, "Ya kai ina yanzu?"

An gama zaɓe, an gama rigimar bayan zaɓe, zafi ya shigo. Wata rana tsaka, fadar ta watse, daga ni sai shi, sai ga wata tsohuwa siririya da sanda, wani dattijo mai furfura yana biye da ita. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Kai ne badukun cikin salula?" Ya ce shi ne. Ta ce sunanta Sa'a, daga wani ƙauye na ƙasar Garagumsa, wannan ɗanta ne Umaru. A wurin jikarta ta ga hoton, ana kallo ana dariya.

Kawu ya ajiye takalmin a gabanta. Ta tsuguna, ta ɗauki warin hagu, ta zura hannunta ciki har wuyan hannu, ta daɗe a haka.

"Kurkunu ce ta lalata masa ƙafar," in ji ta. "Tanimu sunansa. Na haifi wannan, ana jiran suna, ya ce ba zai tsaya gaban mutane da tsohuwar riga ba, ya ba da ɗinki a birni, zai je ya karɓo ya dawo a yini. Aka yi suna babu shi."

Umaru yana tsaye yana kallon takalmin uban da bai taɓa gani ba.

Ta ce mutanen gari suka ce gudu ya yi, wani ya ce ya gan shi a Kano da wata mace. Aka raba auren, ta yi wani, ta yi wani, duka ta binne su. Ɗanta ya tashi ana ce masa ɗan gudajje. Sai ta ɗago ta dubi Kawu ta ce, "Malam, ka san abin da nake roƙa masa? Tun daga shekarar, in na sallame azahar sai na ɗaga hannu na ce, Allah, yadda ya bar ni da jinjiri, kar ka ba ƙafarsa hutu. Ban taɓa fashi ba. Ko jiya sai da bakina ya fara, na kama shi."

Kawu bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya tura mata ɗaya warin da hannu biyu ya ce, "Ga amanarku, baiwar Allah."

Ta janye hannunta. "A'a. Ba a lungu zan karɓa ba. A gaban jama'a aka ci mutuncinsa, a gaban jama'a za ka ba ni. Ka zo garinmu ka faɗa da bakinka."

Na ce, "Inna, dubi ƙafafunsa, ko masallaci da ƙyar yake zuwa."

Kawu ya ce, "Nemo mana mota, 'yar nan."

Ranar Juma'a muka tafi. Bayan an sauko, mai gari ya sa aka tsaya a ƙofar masallaci, mata muna daga gefen danga. Aka zaunar da Kawu a kujera, ya ba da labarin tun daga sallamar Tanimu har muryar da Mala Umar ya ji a mota. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ce, "Bai gudu ba. Sauri ma yake yi ya dawo muku."

Kun san maza. Shiru bai yi nisa ba wani ya ce ai aikin 'yan giwa ke nan, jikokinsu ne ma ke damunmu har yau. Wani ya ce ƙarya ne, 'yan raƙumi ne suka jawo, wa ya ce su ɗauko bindiga? Kafin ka ce me, an baro Tanimu an dawo kan zaɓen da ya wuce, ana nuna wa juna yatsa, wani har hularsa ta faɗi. Mutum ya ɓace shekara hamsin da shida, an kawo labarinsa yanzun nan, su kuma sun samu sabon filin gardama. Sa'a ta tashi ta ratsa cikin maza, ta buga sandarta a jikin kwanon masallaci har sai da kowa ya yi tsit.

"Ba ƙuri'a na kawo muku ba," ta ce. "Mijina ne."

A cikin shirun nan wani tsoho da ke jingine da bango, ido ya yi fari, ya ce a hankali, "Baduku, mun gan ka a kasuwar Takeita. Tun da daɗewa. Ni da wan Tanimu. Mun gane takalmin. Muka ce in muka yi magana za a ce gidan 'yan kwaminis ne, a zo a kwashe mu." Ni da za a bar ni da na tanka masa, amma ba garinmu ba ne. Sun bar yarinya da jinjiri tana tsine wa mamaci, sun bar wani yana yawon kasuwanni har tsufa, su suna barci.

Kawu ya miƙe da taimakon Umaru, ya miƙa wa Sa'a takalmin, ta karɓa ta rungume a ƙirji. Liman ya ce a yi sahu, aka yi wa Tanimu sallar da ake yi wa wanda ya mutu ba a ga gawarsa ba. Da aka shafa, Sa'a ta cire 'yan kunnenta da awarwaronta ta miƙa wa jikarta, ta ce daga yau ta shiga takaba. Liman ya ce, "Iya, ai ba ta hau kanki ba, an raba auren tun tuni, kin yi wasu ma." Ta ce, "Malam, ban tambaye ka ba." Ta shige gida.

A hanyar dawowa muka wuce Takeita. Muna gab da Tirmini Kawu ya taɓa kafaɗar direba ya ce ya ɗan tsaya. Na zaci fitsari ne. Ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙyar, ya tsaya a bakin kwalta yana kallon hanyar da muka baro. Babu kowa a kanta, babu mota, babu dabba, sai rana tana rawa a kan kwalta. Ya karkata lafiyayyen kunnensa ya saurara, ya daɗe, har direba ya fara tsaki.

Na ce, "Kawu, me kake nema?"

Ya ce, "Bai biyo mu ba."

"Wa?"

"Tun ranar da na fito daga jandarmeri yake bayana, 'yar nan. Taku ɗaya, ja ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, ko Kaltuma." Ya sake saurarawa. "Ya tsaya gida."

Ya koma mota ya zauna, ya ce wa direba mu tafi, kuma in mun shiga Tirmini a saya masa tsire, yunwa yake ji.